Sharhi: Kasuwar Shaƙatawa a Bakin Kogunan Nijeriya Na Jiran Masu Ƙaramin Jari

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Suleja zuwa Minna a ranakun yawon Sallah ko hutun Kirsimeti zai ga yadda motoci ke ratsewa suna nufar matsirgar ruwa ta Gurara, inda kogin ke faɗowa daga kan duwatsu masu tsayin kimanin mita 30, a faɗin da kan kai mita 200 idan damina ta kankama. Iyalai kan zo daga Abuja da Minna da Kaduna ɗauke da kulolin abinci da tabarmi, su biya kuɗin shiga, su ɗauki hotuna, su juya gida kafin faɗuwar rana. Man motarsu a birni suka saye shi, abincin da suka ci daga gida suka taho da shi, kuma ba safai ake samun wanda ya kwana ba. Abin da kan rage wa ƙauyukan da ke kewaye bai wuce cinikin rake da gyaɗa da ruwan sha ba. Haka lamarin yake a mafi yawan wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a ƙasar nan: jama'a na zuwa da ƙafarsu ba tare da an tallata musu ba, amma ba su tarar da abin da za su kashe wa kuɗi.

Wannan giɓi ne na kasuwa, kuma 'yan kasuwa ne suka fi dacewa su cike shi. Sai dai shekara da shekaru ana tafka kuskure iri biyu idan ana maganar yawon buɗe ido a Nijeriya. Na farko, ana ɗauka cewa mai sayen hajar Bature ne da zai sauko daga jirgin sama da dala a aljihu. Na biyu, ana ɗauka cewa aikin na gwamnati ne, kuma dole ya fara da ƙaton otel. Ra'ayin da ya fi kusa da gaskiya shi ne cewa mai sayen ɗan ƙasa ne, jarin farko ƙarami ne, aikin gwamnati kuwa ya taƙaita ga hanya da tsaro da dokar kare rayuka. Kafin a kai ga hujjojin haka, ya dace a duba abin da ke akwai.

Kogin Kwara, mai tsawon kimanin kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini zuwa teku, yana shigowa ƙasar nan ta Jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, garin da aka kafa tutar mulkin mallaka na Arewa a ranar 1 ga Janairu, 1900, wanda kuma daga kan dutsen Patti ake hango mahaɗar kogunan biyu. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, daga baya Jebba ta biyo a 1985, Shiroro a 1990. A Jihar Nasarawa akwai matsirgar Farin Ruwa ta yankin Wamba, mai tsayin kimanin mita 150. Akwai Assop a hanyar Jos, akwai Matsirga a kusa da Kafanchan. A gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina. A kudancin ƙasar akwai matsirgar Erin Ijesha mai hawa bakwai a Jihar Osun, da Ikogosi ta Jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, da Agbokim a Jihar Kuros Riba, da kogin Ethiope na Jihar Delta da kogin Azumini na Jihar Abiya, waɗanda suka yi suna saboda garai-garai ɗin ruwansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙiyasta cewa ƙasar na da hanyoyin ruwa na kimanin kilomita 10,000. A harshen tattalin arziki, wannan jari ne da ba a saya da kuɗi ba, kuma ba ya ƙarewa don an kalle shi ko an yi iyo a cikinsa.

Dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne abin da ya sami darajar naira. Tun daga 1986 zuwa yau an sha karya darajarta, amma sakin da aka yi mata a watan Yuni na 2023 ya yi tsanani, domin dalar da ake saya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ma'aikacin banki ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya saba kai iyalinsa Dubai ko Alƙahira lokacin hutun makaranta ya ga kuɗin tikiti da masauki sun ninka, alhali buƙatar hutun ba ta gushe ba. Masana tattalin arziki na cewa idan hajar waje ta yi tsada, mai saye kan koma wa makwafinta na gida, muddin makwafin yana nan kuma yana da inganci. An ga haka a kan shinkafa da siminti. Hutu ma haja ce, kuma kuɗin da ba su fita waje ba suna neman inda za su sauka. Haka nan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa doguwar tafiya ta yi nauyi, wanda ke nufin wuraren da ke tafiyar awa ɗaya zuwa uku daga manyan birane, irin su Gurara da Lokoja ga mazauna Abuja ko Tiga ga mazauna Kano, su ne suka fi kusa da kasuwa.

Tarihi ya riga ya nuna makomar tsarin da ke farawa da otel ɗin gwamnati. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda aka gina madatsar Tiga a ƙarƙashinsa tsakanin 1971 da 1974, Jihar Kano ta yi hangen nesa ƙwarai, ta gina otel a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutsen Tiga. Ra'ayin mai kyau ne, wuraren kuma sun yi tashe. Amma otel ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi, na Tiga kuma ya yi shekaru yana fama da rashin kulawa. Yankari, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, ya sake dawowa hannun Jihar Bauchi a 2006, kuma kowane sauyin hannu kan zo da sabon tsari da sababbin alkawura. Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Otel ɗin da ma'aikata ke gudanarwa yana zuba cinikinsa a baitulmali, sannan ya jira kasafin kuɗi kafin ya gyara famfo ko injin wuta. Manajansa ba ya samun ƙari idan ɗakuna sun cika, ba ya rasa albashi idan sun zama kufai.

Lissafi mai sauƙi zai ƙara bayyana dalilin. Wurin shaƙatawa na bakin kogi kasuwarsa ta ƙarshen mako ce. Daren Juma'a da na Asabar a shekara guda 104 ne cikin 365. Ko da otel ya cika maƙil a kowane ɗaya daga cikinsu, in ba shi da baƙi a sauran ranaku, cikarsa ta shekara ba ta wuce kashi 28 cikin ɗari ba, alhali albashi da gyara da kuɗin ruwan bashin banki ba su san ranar Talata daga ranar Asabar ba. A ɗauki misali na biyu, jirgin ruwa mai injin da ke ɗaukar mutum 20, yana zagaye biyar a rana, kwana biyu a mako, makonni 30 a shekara. Kujerun da zai iya sayarwa 6,000 ne, kuma ko rabinsu ya samu ya ɗauki mutum 3,000. Mafi yawan kuɗin da yake kashewa, wato mai da ladan matuƙi, ba ya tashi sai ranar da aka yi aiki, kuma a sauran ranakun mako jirgin na iya komawa fito ko dakon kaya. Saboda haka mai hankali zai fara da jirgi da rumfa da banɗaki mai tsabta da wurin cin abinci, ya bar ginin ɗakunan kwana sai ranar da baƙi da kansu suka fara tambayar inda za su kwana.

Ƙasashen Afirka da suka ci moriyar kogunansu ta wannan hanya suka bi. A kogin Zambezi, ƙasa da matsirgar Biktoriya, an fara ɗaukar baƙi a jiragen roba ana bi da su ta cikin ruwa mai gudu a 1981, kuma sana'ar ta taimaka wajen rayar da garin Livingstone na Zambiya da maƙwabcinsa na ɓangaren Zimbabuwe. A garin Jinja na Yuganda, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, irin wannan sana'a ta fara a 1996 da 'yan jirage ƙalilan, masaukai da gidajen abinci suka biyo baya. Akwai darussa biyu na gargaɗi a cikin labarinsu. Madatsar Bujagali da aka buɗe a 2012 ta shanye wani ɓangare na ruwa mai gudun da ake sayarwa a Jinja, dole masu sana'ar suka matsa ƙasa, abin da ke nuna cewa mai zuba jari a bakin kogi ya wajaba ya san shirin gwamnati na madatsu kafin ya kafa tubali. Sannan annobar korona ta 2020 ta tsayar da zuwan baƙin waje cak, wuraren da suka dogara da su kaɗai suka shiga mawuyacin hali. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 tana da abin da Zambiya da Yuganda ba su da shi, wato kasuwar cikin gida mai girman da za ta riƙe sana'ar ko baƙo ɗaya bai zo daga waje ba.

Babban abin da zai iya kashe wannan kasuwa tun kafin ta tsaya da ƙafarta shi ne haɗarin jiragen ruwa. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife a kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, fiye da mutum 100 suka salwanta. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar, wani jirgin ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga ɗaurin aure suka rasu a yankin Pategi na Jihar Kwara. Musabbabin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare, tsofaffin jiragen katako, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Waɗannan matafiya ne na larura, ba masu yawon shaƙatawa ba, amma uwar da ta ji labarin a rediyo ba za ta bambance ba ranar da aka ce ta sa 'ya'yanta a jirgi don nishaɗi. Mai fito na iya samun fasinja ko da jirginsa na yoyo, domin fasinjan ba shi da wata hanya. Mai sayar da nishaɗi ba shi da wannan gata, haɗari ɗaya ya isa ya rufe masa kasuwa shekaru.

Don haka kare rayuka shi ne jarin farko, ba ƙarin ɗawainiya ba ne da za a ɗage sai an fara cin riba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, wadda Doka ta 13 ta 1997 ta kafa da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki mai hedkwata a Minna kuma ta raba riguna ta sare kututtura a wasu sassan Kainji. Amma ma'aikatan hukuma ba za su iya tsayawa a kowace mashaya ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a shigo da kamfanonin inshora. Idan aka ce ba a ba kowa izinin ɗaukar baƙi sai da takardar inshorar fasinja, kamfanin inshorar da kansa zai ƙidaya riguna, ya duba jirgi, ya tambayi horon matuƙi, domin kuɗinsa ne za su tafi idan an yi asara. Masu jiragen da ke wuri ɗaya kuma su kafa ƙungiya mai ikon dakatar da duk wanda ya karya ƙa'ida, tun da sunansu ɗaya ne a idon baƙo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Matsala ta gaba ita ce rashin sanin wanda ke da iko da me. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora mallakar filaye a hannun gwamnonin jihohi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa rajista da sa ido kan otel-otel hurumin jihohi ne. A watan Janairu na 2024 kuma kotun ta tabbatar wa gwamnatin tarayya ikon hanyoyin ruwan da jirage ke bi. Madatsun ban-ruwa suna ƙarƙashin hukumomin raya koguna, gandun daji irin na Kainji da aka kafa a 1979 yana da tasa hukumar, ƙaramar hukuma na karɓar haraji a bakin mashaya, masarauta kuma tana da Sarkin Ruwa. Ɗan kasuwar da ke son kafa rumfa da jirgi biyu zai iya samun kansa yana hulɗa da ofisoshi biyar, kowanne da rasit ɗinsa. A matakin tarayya ma ba a zauna wuri ɗaya ba: hukumar raya yawon buɗe ido ta samu ne ta Doka ta 81 ta 1992, an fitar da babban tsarin bunƙasa fannin a 2006, an kafa masa ma'aikata ta kansa a 2023, aka kuma haɗe ta da ta al'adu a watan Oktoba na 2024. Mai jari ba ya tsoron haraji kamar yadda yake tsoron harajin da bai san adadinsa ba da izinin da sabuwar gwamnati za ta iya sokewa.

Maganin wannan yana hannun jihohi. Jihar da ke son jari ta ware wuraren da ta zaɓa, ta auna su, ta sasanta da hukumomin tarayya da kanta, sannan ta ba da hayar su ta hanyar gasa a bainar jama'a na tsawon shekara 20 ko 25, da haraji guda ɗaya sananne da sharaɗin ƙwace wurin daga wanda ya karɓa ya ajiye bai yi aiki ba. Irin wannan takardar haya ce banki zai iya karɓa a matsayin jingina. Jihar Ekiti ta gwada miƙa Ikogosi ga kamfani mai zaman kansa bayan wurin ya lalace a hannun hukuma, kuma sauran jihohi na da abin koyo a nan, ko a nasarar ko a kurakuran. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne hanyar da ta tashi daga babban titi zuwa bakin ruwa, wadda sau da yawa 'yan kilomitoci ne amma su ne ke hana ƙaramar mota isa da damina.

Akwai masu ganin cewa ba da haya sayar da gadon jama'a ne ga masu kuɗi, kuma tsoronsu na da tushe. Mashayar da aka yi wa katanga na iya zama wadda mata ke wanki a cikinta, makiyaya ke shayar da dabbobi, masunta ke ɗaure kwalekwale. Duk yarjejeniyar da ta toshe wa waɗannan hanya ta sayi rigima, kuma wurin shaƙatawa ba ya rayuwa a tsakiyar maƙwabta masu fushi. Argungu ta nuna wata hanya. Bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne kacokan a kan ilimin mutanen ruwa. Su ne ke hana su a Matan Fada har ranar biki don kifi ya taru ya girma, su ne ke wasannin kabanci na tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A 2005 an kama giwan ruwa mai nauyin kilo 75. Sarkawa da Nufawa da Kakanda da Jukunawa sun san zurfi da gudun kogunansu fiye da kowane injiniya, kuma su ne matuƙa da masu ceto da 'yan rakiya na asali. Ya kamata kowace takardar haya ta ƙunshi kason al'umma daga kuɗin shiga, da fifikon ɗaukar 'ya'yansu aiki, da barin mashayarsu a buɗe.

Argungu na da wani darasin kuma. Biki na 'yan kwanaki ne a shekara, an dakatar da kamun kifin a 2006 saboda ƙarancin ruwa, sannan aka yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Mai masaukin da ya gina ɗakuna don waɗannan kwanaki kaɗai ya ga tasku. Haka abin yake ga tseren jirage na Pategi da bikin su na Nwonyo a Ibi ta Jihar Taraba. Biki talla ne mai kyau, amma kasuwa sai da abin da za a sayar a sauran makonnin shekara, kamar yawon kwalekwale da koyar da iyo da kamun kifi da ƙugiya da kallon tsuntsaye da ziyarar ɗalibai, wadda ke da amfanin faɗowa a tsakiyar mako lokacin da sauran baƙi ba sa nan.

Dole kuma mai jari ya san halin ruwan da zai yi kasuwanci a kansa. Gurara ta fi ban sha'awa da damina, amma a lokacin ne ta fi haɗari, iyo kuwa sai daga Janairu zuwa Maris idan ruwa ya ja baya ya kwanta. Kwara a yankin Kainji na samun cika sau biyu, ta farko daga ruwan damina na gida wajen Satumba, ta biyu daga ruwan tsaunukan Gini da ke jinkiri a fadamun Mali har ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu, wato daidai lokacin hunturu da hutun ƙarshen shekara. Lokoja ta sha ambaliya a 2012 da 2022, inda ruwan sama mai yawa ya haɗu da wanda aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, don haka gini na dindindin a bakin gaɓa kasada ce. Ranakun Sallah, waɗanda ke cikin mafi cinikin shekara, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta yadda wani zubin za su faɗo a tsakiyar damina. Ga kuma batun lafiya: ruwan da ke kwance a madatsu da fadamu kan ɗauke da cutar tsargiya ta hanyar katantanwa, ruwa mai gudu a kan duwatsu kuma shi ne mahaifar ƙudan da ke jawo makanta. Kafin a kafa allon da ke cewa a yi iyo, a gwada ruwan, a kuma keɓe wurin wanka da na kallo kawai. Haƙar zinariya da ta gurɓata kogin Osun da kwasar yashi ba ƙa'ida a kogunan da ke kusa da birane sun isa su tuna wa mai jari cewa abin da ake yi a saman kogi yana iya rushe kasuwar da ke ƙasansa.

Wasu iyaye na ƙyamar wuraren wanka na jama'a saboda cakuɗuwar maza da mata da shaye-shaye, kuma wannan ne ya sa dubban iyalai masu halin biya ba sa zuwa. Ɗan kasuwa mai basira zai ɗauki wannan a matsayin bayanin abin da kasuwa ke so. Wurin da ya tanadi masallaci da wurin alwala, da rumfunan iyali masu sirri, da sa'o'i ko ɓangare na mata zalla da mata masu ceto, da kududdufi marar zurfi na yara, zai jawo mai sayen da ya fi kowa kashe kuɗi, wato magidanci da ya zo da mutum takwas ko goma. A wasu sassan ƙasar baƙi na son kiɗa da raye-raye, kuma babu abin da ya hana a sami wurare iri biyu, kowa ya nufi wanda ya dace da shi.

Saura hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko ita ce tsaro. Gaskiya ne cewa dazuzzukan Kainji da yankin Shiroro sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, kuma babu tallar da za ta sa mutum ya kai iyalinsa inda ake satar mutane. Ba daidai ba ne a yaudari mai jari a kan wannan. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da wuraren da ke kusa da gari da babban titi, waɗanda ake zuwa a dawo da rana, a bar na cikin daji sai hali ya gyaru. Ta biyu ita ce talauci, inda wasu ke cewa maganar shaƙatawa ba ta dace da lokacin da jama'a ke neman abin sawa a baka ba. Amma wanda ke kashe kuɗin mai hali ne, wanda ke karɓa kuwa matuƙi ne da mai gasa kifi da mai saƙar tabarma da mai ɗaukar hoto da ɗan acaɓa. Ƙalilan ne daga cikin sana'o'i ke kwaso kuɗin birni su kai su ƙauye kai tsaye kamar wannan, ba tare da neman takardar digiri ko injin da aka shigo da shi daga waje ba.

Bisa ga haka, abin da ake buƙata daga kowane ɓangare a bayyane yake. Gwamnatocin jihohi su daina gina otel, su gyara hanya, su fitar da takardun haya masu tsawon wa'adi. Hukumar hanyoyin ruwa ta sauƙaƙa rajistar ƙananan jirage, ta ɗaure ta da inshora da horon matuƙa. Bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna da Abuja da Legas su fara kallon jirgin yawo da rumfar abinci a matsayin sana'ar da ta cancanci rance kamar motar haya. Sarakuna kuma su tsaya wa jama'arsu a lokacin ƙulla yarjejeniya. Ɗan kasuwar da ke tunanin shiga, shawarar da ta fi masa ita ce ya je wurin sau uku, da rani da damina da ranar Sallah, ya ƙidaya motoci, ya zauna da Sarkin Ruwa, ya tambayi baƙi abin da suka nema suka rasa, kafin ya fitar da ko kwabo. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Na Gurara da Lokoja da Tiga a fili yake, baƙi ma sun riga sun iso bakinsa, mai sayar musu da abin da suke nema ne bai iso ba tukuna.